Ɗakin Saƙa na Baba Dauda

Zariya, biyar da rabi na asuba

Na fito daga masallaci na wuce tasha, da jaka ɗaya da aike ɗaya. Hannatu ce ta bugo mini waya, 'yar Baba Dauda wanda ya koya mana aikin hannu a firamare. Idanun tsohon sun rufe, jiki ya yi nauyi, tambaya ɗaya yake ta yi: ko har yanzu yara suna saƙa a ɗakin da ya bari a makarantarmu ta Makera? Ita ta kasa zuwa dubawa. Ni da na shekara talatin ina raba wa iyaye sakamakon jarrabawa, aka ga na fi kowa iya kai mummunan labari cikin ladabi.

Mota ta tashi shida da kwata, mu huɗu a baya, kowa gwiwarsa a jikin ɗan'uwansa. Kusan kilomita tamanin, shinge biyu. A na biyun ɗan sanda ya leƙo.

"Baba, me ke cikin jaka?"

"Tabarau da maganin hawan jini."

"To, a sa mana albarka."

Na sa masa. Ita kaɗai ya samu.

Makera, tara da rabi

Na sha shayi a Kawo, bas ta ƙetare gada da ni, Keke ya ƙarasa. A zamaninmu jiniyar kamfanonin yadi na Kakuri ce agogon unguwa, da ita muke tafiya makaranta. Yanzu ciyawa ta fi katangar tsawo, kuma mai Keken bai ma san abin da aka taɓa yi a ciki ba.

Littattafan da muka haddace a kwalejin horon malamai sun ce masana ne ke tsara abin da za a koyar. Ni abin da na gani daban ne. Da Turawa suke neman akawu, aka koya wa iyayenmu kyan rubutu. Da kamfani yake neman hannu, aka kawo Baba Dauda da katakan saƙa guda shida, ya koya mana zare da haƙuri. Masana daga baya suke zuwa su raɗa wa abin suna.

Shugabar makarantar, Hajiya Binta, ta karɓe ni da mutunci.

"Ɗakin saƙa? Au, sito kake nufi, Malam."

Ta buɗe. Tsintsiya ce jibge har taga, kowacce da 'yar takarda mai ɗauke da suna da maki.

"Aikin hannun zangon nan ke nan," in ji ta.

"Su suka ɗaure?"

Ta yi dariyar gajiya. "A kasuwa dai suke saye. Iyaye sun ce ba su kawo yaro don ya koyi aikin da aka sallami kakansa daga shi ba. Satifiket suke so."

"Katakan fa?"

"An ce da su aka dafa shinkafar wani bikin yaye ɗalibai. Kafin zuwana ne."

Ta ba ni tsintsiya ɗaya tsaraba. Tara bisa goma ta ci.

Barnawa, sha biyu da kwata

Tafiyar minti ashirin ce, na cinye ta wajen shirya amsar da ba ƙarya ba ce tsantsa, ba kuma gaskiya ba. Hannatu ta ajiye mini faten acca, na kasa taɓawa. Tsohon yana zaune a kujera, fuskarsa wajen ƙofa.

"Sani ne? Bahagon nan?"

"Ni ne, Baba."

"Suna yi?"

"Ana aikin hannu, Baba. Ga ma shaida."

Na miƙa masa. Yatsunsa suka bi tsintsiyar har gindi, suka tsaya a kan ɗaurin.

"Roba ce," ya ce. "Ɗaurin kasuwa."

Hannatu ta fita ɗebo ruwan da ba wanda ya nema.

"Katakaina fa?"

Na yi shiru. Malami ne, ya san ma'anar shirun ɗalibi.

"Nawa aka ba mai wannan?"

"Tara, Baba."

"Kai ban taɓa ba ka fiye da shida ba."

"Biyar, Baba."

"Biyar ɗinka ce dai, da hannunka."

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya zaro ƙoshiyarsa, ɗan itacen nan da ake jefa zare da shi, ta yi santsi saboda daɗewa a hannu.

"Da na yi niyyar ka kai wa yaran, amma bar shi. Tafi da ita gidanka."

Bai ƙara tambaya ba. Hannatu ta ce mini a bakin ƙofa, wata uku ke nan yau ne ya fara yin shiru, kuma ba ta san ko ta gode mini ba.

Zariya, dab da magariba

Na iso gida lafiya, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ina kuma gode wa Hannatu da faten da ban ci ba. Ƙoshiyar tana kan teburina. Duk gidan nan ni kaɗai na san yadda ake jefa ta, ni kuwa, kamar yadda kuka ji, biyar na ci.