Ranar da Abibatu Ta Sauka a Kawukudi

A unguwar Nima, wajen 1986, ba a kwatancen Abibatu mai ƙosai da sunanta. Cewa ake, "mai suya da babbar yarinya a baya." Azara ke nan, 'yarta mai shekara shida, ƙafafunta na reto har gwiwar uwar. Shawara ce ta kama ta tana jaririya ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ba ta zama, ba ta magana, haɗiya ma sai an lallaba. Amma in ta ƙyalƙyale da dariya, har bakin famfo ana ji.

Sau ɗaya Abibatu ta taɓa barin ta, ta je kasuwa. Ta dawo ta tarar yarinya ta ƙware da koko, leɓe ya yi baƙi, sai da suka yi sati biyu a asibiti. Tun daga ranar, tari kaɗan Azara za ta yi, sai uwar ta zabura ta yi kanta. Barcinta ya koma na zomo. Biki ba ta zuwa, suna ba ta zuwa. Mijinta Sayibu, bawan Allah, ko cokali ya ɗauka sai ta fizge.

Mma Zuera, tsohuwar da ke ɗakin bakin ƙofa, ba ta iya lallashi ba, naci ta iya. Kullum da hantsi sai ta jawo kujera ta zuba ido. Ta ga ana tace kokon sau biyu, ana ɗebo rabin cokali, a tallafe haɓa, a shafa maƙogwaro da babban yatsa, a jira. Sai da ta yi wata guda tana kallo kafin Abibatu ta miƙa mata cokalin, ita ma a tsaye take a kanta kamar mai gadi.

Da ƙanwar Abibatu ta haihu a unguwar Madina, can wani gefen gari, matan gidan suka ɗinka mata yayi, atamfar nan iri ɗaya da ake sawa ranar suna, ba tare da sun tambaye ta ba.

"Ɗiyata, tafi," in ji Mma Zuera. "Ni na raini goma."

"Mma, goman nan babu irin wannan."

"To wannan ne na sha ɗaya. Fita!"

Ta shiga tiroto, motar haya. Ba su wuce Kawukudi da ke kusa da Nima ba wani yaro ya yi tari a kujerar baya. Shi ke nan. Ta buga jikin mota, ta dire, ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta kwaso da gudu, ɗankwali na neman faɗuwa.

Ta faɗo gida tana haki. Ga Azara jingine a ƙirjin tsohuwa, kwano wayam, an sa mata kwalli har ya yi yawa, tana ta dariya. Ko kallon ƙofa ba ta yi ba.

"Ta ci sosai paa," in ji Mma Zuera. "Ke kuma wa ya koro ki?"

Gaskiya Abibatu ta ji haushi, har da ɗan kishi. Shekara shida, ashe wani ma zai iya! Ta zauna a tabarma don ta huta minti ɗaya kafin ta koma tasha. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta jingina kai da bango.

Ba ta je Madina ba. Sayibu ya kashe rediyo, mai dakan sakwara ta ajiye taɓarya, aka kora awaki waje. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, a tsakiyar Nima, ya koma magana da hannu. Abibatu na kwance cikin sabuwar atamfa, baki buɗe, tana minshari tun azahar.

Wajen la'asar Azara ta yi tari sau biyu. Kowa ya juya ya dubi tabarma.

Ba ta farka ba.