Anguryar da Ta Tsira a Kunnena

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun fara tambayar 'ya'yana ko lafiya. Lafiya lau. Jiya wani maƙwabcina ya sami aiki a masana'anta, ya zo in yi masa addu'a, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin da ban taɓa bayarwa ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a wani kamfanin gurzar auduga. Kullum da safe zan hau keke daga Ƙofar Jatau, in dawo da yamma fari fat kamar an tsoma ni a gari.

Ƙarar injin nan ba a magana. Muka nemi abin toshe kunne, manaja ya ce, "Ga auduga har rufi, me kuma kuke nema?" Shi ke nan, kowa ya yagi ɗanyar auduga ya cusa, da anguryarta da komai. Angurya ita ce ƙwayar irin da ke ciki.

Da ƙaiƙayi abin ya fara. Sai kunnen dama ya toshe. Na hagun kuwa injin ya riga ya gajiyar da shi.

Ban gaya wa kowa ba. In an yi magana sai in kalli fuska, in yi murmushi, in ce madalla.

Ranar da asiri ya tonu, surukina Alhaji Barau ne ya zo daga ƙauye. Muna zaure ya yi bayani mai tsawo yana ɗaga hannu sama. Na ɗauka albishir ne. Na ce, "Masha Allah, Baba! Allah ya maimaita mana baɗi."

Ashe awakinsa aka sace kaf.

Ya tashi ko ruwa bai sha ba. Maiɗakina Hajara ta fito ta kama ƙugu, ta zo daidai kunnena ta ɗaga murya: "Malam, kurumcewa ka yi ko haukacewa? Zaɓi ɗaya, in san abin da zan gaya wa Baba."

Daga nan kowa a unguwa ya zama likita. An ɗiga mini man shanu. An ɗiga ruwan tafarnuwa. Wata gwaggona ta kawo ruwan ɗumi ta ce a riƙa zubawa safe da yamma. Ba mu sani ba, ban ruwa muke yi.

Sai wasa ya ƙare. Bayan kunnen ya kumbura, ruwa mai wari ya fara fita, zazzaɓi ya rufe ni. Duk da haka na je aiki. Ina tsaye gaban injin jiri ya kwashe ni, na yi wajen bel ɗin da ke juyawa, kuma ba shi da murfi. Wani abokin aikina, Iliya, ya fizgo ni ta baya. Hannun rigata injin ya cinye.

Iliya ne ya goya ni a babur zuwa babban asibiti. Yankan kati, layi, gwajin jini, hoton ƙashin kai. Likita ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya kanga mini a kunne, ya ce, "Ka ji?" Na ce, "Madalla." Ya yi dariya, ya ce a ba ni gado.

Bayan ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya daina dariya. Ya rubuta wa Hajara a takarda don ni ma in karanta: ruɓar ta huda dodon kunne, ta fara cin ƙashi, in ta wuce nan ƙwaƙwalwa za ta nufa. Na karanta, na juya wajen bango don kada ta ga idona.

Kamfani ya ce ciwon kunne ba hatsarin aiki ba ne. Keken nan nawa da tasoshin Hajara su suka biya tiyata da allurai.

Da na farfaɗo, likita ya miƙo mini 'yar kwalba. A ciki ga angurya ta kumbura, ta fashe, ta fito da ɗan farin tsiro.

Ya sunkuyo ta hagu ya ce, "Malam Tanimu, wa ya ba ka gona a nan?"

Kafin azahar duk ɗakin maza sun sa mini suna Sarkin Noma. Wani tsoho mai karaya kullum sai ya tambaye ni ya damina. Nas in ta zo da allura cewa take, "Juya, an kawo taki."

Alhaji Barau ya zo dubiya. Ya daɗe yana juya kwalbar, sannan ya ce, "Na yafe. Amma iri ne mai kyau."

Na daɗe ina jinya kafin jirin ya sake ni. Kunnen hagu ya dawo sosai. Na dama ya tafi ke nan.

Ranar da na koma, na ajiye kwalbar a teburin manaja. Labari ya zaga. Ma'aikata suka zare audugar kunnuwansu, suka ce ba mai kunna inji. Ba a jima ba aka kawo abin rufe kunne na gaske, aka yi wa bel ɗin murfin ƙarfe. Iliya ya ƙi cire nasa har gida, wai ya yi kama da matuƙin jirgin sama.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan nan da nas-nas, da Iliya, da Hajara wadda ba ta taɓa yi mini gorin tasoshinta ba.

Ku masu aikin inji, ku nemi kayan kariya na ainihi, kuma ku nema tare, ba ɗaya-ɗaya ba. Injin da ba murfi kada ku raɓe shi. Mai jiri ko zazzaɓi ya zauna gida. Kunne in ya toshe a tafi asibiti, kada a ɗiga komai.

Ku kuma masu masana'anta, ku saurari ma'aikatanku tun suna iya jin amsarku.

Ni dai na saba da kunne ɗaya. Hajara ma ta saba: maganar cefane ta hagu take zuwa, in kuwa mita za ta yi sai ta koma dama, ta yi ta ƙoshi, mu rabu lafiya.