Ranar da Kawu Ya Raka Isuhu Asibiti

Shekara bakwai ke nan da aka kai ƙanena Isuhu makwancinsa a nan Tahoua. Har gobe in ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar gidanmu ya yi oda, sai na ɗaga kai, duk da na san ba shi ba ne. Ni na goye shi, ni na fara kai shi lakkol, wato makarantar boko, yana kuka yana cizona, don haka a yi mini uzuri in na ja zancen.

Yaro ne mai baki. In ya tasa mutum da tsokana sai an haɗa shi da Allah. A ƙasarmu ta Adar kuwa, saurayin da bai taɓa fita bida ba, wato neman kuɗi a wata ƙasa, gani ake bai gama zama namiji ba. Da ya tasa, suka kama hanyar Libiya shi da taubashinsa Lawali, ɗan farin Kawu Idi, wan mahaifiyarmu da ke zaune Barmou. Motarsu ta lalace cikin sahara. Isuhu ya dawo, Lawali bai dawo ba. Abin da ya faɗa gaban manya bai wuce "Allah ya yi mai cikawa a hanya" ba. Aka yi addu'a, aka raba sadaka, aka ce kowa ya yi haƙuri.

Isuhun da ya dawo ba namu ba ne. Barci ya ƙaurace masa. In yaro ya ɓarar da ruwan buta a tsakar gida, sai ya daka masa tsawa. Inna ta gano jarkokin ruwa jere ƙarƙashin gadonsa. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Da na ji akwai sashe a asibiti da ke duba matasan da suka ga tashin hankali a hanya, na sha fama kafin Inna ta yarda, don tsoronta kada a ce ɗanta ya taɓu.

Da safen da za mu tafi sai ga Kawu Idi daga Barmou, ya ce shi zai raka mu. Wallahi daɗi muka ji. Ana ta tsegumi a dangi cewa yana riƙe da Isuhu a zuci, to ga shi ya yi mana kara, ya rufe bakin kowa.

Ma'aikacin da ya karɓe mu matashi ne mai ladabi. Ya dubi Kawu, ya dubi furfurarsa, ya jawo masa kujera. Wa zai ce wa dattijo ya fita, a ƙasar nan? Aka fara tambayoyi: barci, cin abinci, faɗuwar gaba. Isuhu na amsawa a hankali. Can sai aka ce, "Ka taɓa ganin mutuwar wani naka da idonka?"

Labarin zuciya a tambayi fuska. Na ga gumi ya keto wa ƙanena, ya ƙura wa takalman Kawu ido, yana murɗa hularsa kamar mai matse wanki. Ya ce, "Babu komi." Ma'aikacin ya sake tambaya cikin lallami. Isuhu ya roƙi ruwa, aka ba shi, ya riƙe kofin ya kasa kai shi baki. Ya tashi ya fita, na same shi bayan katanga yana amai. Ma'aikacin ya biyo ni ya ce in dawo da shi wani mako, shi kaɗai. Da na gaya wa Isuhu a gida, cewa ya yi, "Yaya, in kika ƙara kai ni wurin nan, kin gama ganina."

Bai koma ba. Ya kama kabu-kabu, yana yini kan babur, dare kuma ido biyu. Rannan da tsakar rana, a hanyar Affala, inda titi yake miƙe ba mota ba jaki, ya saki hanya. Waɗanda suka gani sun ce kamar barci ne ya sace shi. Ajali ba ya wuce ranarsa, na sani, na kuma yarda. Amma zuciyata ba ta daina ciwo ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Bara na raka wani ɗalibina na makarantar da nake koyarwa, ɗan gudun hijira daga arewa, irin wannan dubawar. Kafin a ce komai, ma'aikaciyar ta ce, "Madam, ki ɗan jira mu waje." Daga baya yaron ya gaya mini an ce masa duk tambayar da ta yi masa nauyi ya tsallake ta, ba a kuma sallame shi ba sai da numfashinsa ya daidaita. Ni kuwa ina kan benci ina sharar hawaye da bakin mayafi. Da Isuhu na nan, dariya zai yi mini, ya ce yau an kori babbar malama daga aji. Ban ce ko'ina haka ake yi ba. Har yanzu muna koya wa ƴaƴanmu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sannan mu zaunar da su gaban baƙo da dangi mu ce su amayar da shi nan take.

Me ya rage na Isuhu? Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, babur ɗin ma an sayar. Ya bar mini hali guda: duk yaron da na ga an tsare shi da tambaya yana kallon ƙasa, nakan fara duba wa ke zaune kusa da shi. Ya kuma bar wani abu wurin Kawu, wanda sai bana na sani.

Na daɗe ina jin haushin tsohon nan, ina cewa me ya kai shi cikin ɗakin. Ranar sadakar bana, bayan mutane sun watse, ya kira ni zaure. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya yi magana, kuma ko a nan bai kama sunan Lawali ba, don Bahaushe ba ya ambatar ɗan farinsa.

"Ɗiyata," ya ce, "wancan yaron, abokin tahiyar Isuhu. Ni ba ni iya tambaya, kin sani. Shi ya sa na bi ku. Na ce in na zamna can, likita za shi tambaya, in ji." Ya ajiye carbin. "Ya taɓa hwaɗa miki ko sun samu sun ruhe shi?"

Na so in ce e, sun binne shi. Allah ya sani na so. Amma Isuhu bai faɗa mini ba, bai faɗa wa kowa ba, kuma babu sauran wanda za a tambaya.

Na ce, "Kawu, bai faɗa ba."

Ya ce, "To." Ya laluba ya sa takalmansa, ya ce in kira masa yaro ya kai shi tasha kafin motar Barmou ta tashi.