Ina Gummi Aka Ba Da Aron Kyanwata

Mun tashi da asuba daga Anka, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, za mu Gummi gidan surukaina mu yi hutun ƙarshen shekara. Tun da na fara koyarwa a garin nan ban taɓa samun hutun kirki ba, saboda haka na ci alwashin wannan karon sai na je na ci kifin Gummi na miƙe ƙafa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wato Gimbiya. Gimbiya kyanwata ce, fara mai ɗigon baƙi a goshi, kuma ba ta daɗe da haihuwa ba. 'Ya'yanta uku, ko haƙori ba su yi ba, suna kwance cikin kwali a ɗakin ajiya, kan wani tsohon zane.

Ana gobe za mu tafi na shiga wajen maƙwabciyarmu Inna Tumba, tsohuwa ce mai mutunci, katanga ɗaya ta raba mu. Na ba ta makulli, na ba ta busasshen kifi da madarar gari, na nuna mata kwanon cin Gimbiya da na ruwanta. Na yi bayani har na maimaita. Tana ji tana dariya, da na gama ta ce, "Malam, mussa ta hwa, ba jariri ba. Tahi abinka, Allah shi kiyaye hanya." Mussa ita ce kyanwa a bakin mutanenmu na nan. Na fito hankalina kwance, don a unguwarmu babu wanda bai shaidi Inna da riƙon amana ba.

Ƙaramar bas muka shiga, irin wadda direba ke ɗaukar mutum kamar buhu, buhu kuma kamar mutum. Gwiwata na jikin buhun wake, ƙaramar 'yata na kan cinyata, ita kuma hanya rami na miƙa mu ga rami. Gari na wayewa muka fara gamuwa da 'yan kabu-kabu ɗauke da buhunan dutsen zinariya, babur na nishi suna ƙara masa wuta. Wani dattijo kusa da ni ya bi su da kallo ya girgiza kai, ya ce duk abin da gubar dalma ta yi wa yaran Dareta da 'Yargalma bai sa mutane sun saki dutsen nan ba. Daga nan aka koma hirar farashin gero.

Mun yada zango a Bukkuyum, muka tarar ranar kasuwa ce. An gama kaka, gero da dawa da wake sun cika fili, masu saye na murna, manoma na gunagunin hatsi ya faɗi. Muka karya da ƙosai da kunu mai zafi, na ƙara da hoce, wainar dawa irin ta mutanenmu, don ban iya wuce shi ko na ƙoshi. Wanda ya fi kowa ciniki a ranar mai maganin ɓera ne. Ya rataya matattun ɓeraye a sanda yana shela, mutane sun yi masa zobe, kowa na cewa ɓeran bana ya fi na kowace shekara rashin kunya. Na tsaya ina kallo ina dariya, ban san dariyar kaina nake yi ba.

Gummi ta karɓe mu yadda ta saba. Surukata ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, aka kawo rake, aka kawo fura mai nonon da ba a yi wa ha'inci da ruwa ba. Da yamma surukina ya zaga da ni fadama, albasa ta yi kore shar, masu ban ruwa sun naɗe wando har gwiwa. Na ci, na yi barci, na sake ci. Sai dai maiɗakina, Allah ya shirye ta, ta ba gidan labarin yadda na yi wa kyanwa guzurin kifi, aka mai da ni abin tsokana. Ƙannenta in sun gaishe ni sai su ƙara da, "Ya mai jego?" Wannan ne ya sa na danne zuciyata na ƙi bugo waya gida har aka kwana biyu.

Ran da na kasa daurewa, da hantsi na keɓe a bayan katanga na kira wayar surukar Inna, aka miƙa wa Innar. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Gummi ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce ya Gimbiya.

"Lahiya lau take. Ai ta tahi aiki."

"Aiki kuma, Inna? Wane aiki?"

"Ƙanena Ɗan'iro yaz zo wanshekaren tahiyarku, ɓera ya hana shi sakat ga rumbu. Nic ce ga mussar Malam nan zaune ba ta komi. Yas sa ta buhu yat tahi da ita ƙauye, can gaba da Bukkuyum. In ta gama shina maido ta."

"Inna, 'ya'yan fa?"

"Suna nan. Na aza musu tuwo."

Tuwo! Jama'a, tuwo aka ajiye wa halittar da ba ta da haƙori. Ga shi tsohuwa ce, ta yi jika da ni, ba dama in ɗaga mata murya. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, na roƙe ta ta dama madarar nan ta jiƙa tsumma ta riƙa ɗiga musu. Ta ce "To," irin to ɗin da manya ke yi wa yaro don ya ƙyale su.

Na shiga gida na ce zan koma. Surukina ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, don mussa za ka bar muna gida?" Na san kunyar suruki, amma ranar na ajiye ta a gefe. Na ce Baba a yi mini afuwa, rai uku ne ke jirana. Na bar maiɗakina da yara su ƙarasa hutunsu, na rataya jaka na nufi tasha. Surukata ta biyo ni da ƙunshin soyayyen kifi tana dariya, wai in kai wa mai jego.

Motar Bukkuyum ba ta cika da wuri ba, kuma ba a taɓa yin direban da ya kai wannan son hira da kowane shinge ba. Daga Bukkuyum na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen. Hanya ce ta ƙafa cikin gonakin da aka girbe, ga tarin kara, ga shanun Fulani suna kala, muka tsallaka rafi biyu da ƙafa muna tura babur. Mai babur ya ga yadda nake azalzalarsa ya ce, "Lahiya dai? Rasuwa anka yi?" Na gaya masa gaskiya. Dariyar da ya yi saura kaɗan ta zubar da mu cikin yashi.

Na sami Ɗan'iro a ƙofar gidansa yana tufkar igiya. Ba a shiga gidan mutum da faɗa, dole na zauna kan tabarma, aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka kawo ruwa, aka kawo fura, ni kuwa idona na neman Gimbiya. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ga shi wai shi ne mai ƙorafi.

"Malam, mussar taka ta boko ta. Ko ɓera guda ba ta kama ba. Kuka ɗai takai, ta hana mu kwana."

Ya kai ni wajen rumbunsa. Ga Gimbiya ɗaure da igiya a ƙafar rumbu, ta yi baƙi da ƙasa, muryarta ta dushe, nonuwanta sun kumbura har ba ta iya kwanciya a kansu. Da ta ji muryata ta zabura, igiyar ta fizge ta baya. Na durƙusa zan kwance ta, sai na ga kan kunnenta na dama babu, jini ya bushe a wurin.

Na ce, "Wa ya yi mata wannan?"

"Ni na. Ai haka a kai ma baƙuwar mussa. In anka rage kunne, raɓa na shiga mata, ba ta son kwana daji, sai ta zamna gida."

Ya faɗa ne hankalinsa kwance, kamar mai ba da labarin ya yi wa akuya shaida. A nan haƙurina ya ƙare. Na ce bawan Allah, ka ga dabba nono na zuba, ba ka tambayi kanka ina 'ya'yanta ba? Da tunkiyarka ce mai shayarwa, za ka yarda a ɗauke ta a bar ɗan? Kunnen da ka yanke, ka ara ne ko ka saya? Ya buɗe baki yana kallona, wallahi da gaske bai ga laifinsa ba. Abin da ya iya cewa shi ne, "To ai aro niy yi, ba sata ba." Matan gidan sun leƙo ta kan danga suna kallon malamin makaranta na huci a kan kyanwa. Su kalla, ban damu ba.

Na sayi kwando a ƙauyen na sa ta, na rufe da rigata. Na ba ta kifin surukata, ta shinshina ta kau da kai. A motar Anka wata mata mai kaji ta tada rigima wai ba za ta zauna kusa da mussa ba, direba kuma ya ce in dai kwando zai hau cinya to ba ruwansa, in zai hau kujera sai a biya masa. Na ɗora a cinya. Tun daga Bukkuyum har Anka tana kuka da dusasshiyar murya, ni ko ramukan da suka dame ni a zuwa ban ji su ba, lissafina ɗaya ne, ko zan tarar da su da rai.

Da la'asar na isa. Ƙofar gidana a buɗe, na tarar da Inna zaune a ɗakin ajiya da tsumma da kofin madara, ta ɗora 'yan kyanwa biyu a kan zanenta tana ɗiga musu. Wannan kam ta yi, ba zan ci haƙƙinta ba. Gefe ga kwanon tuwon nan ya bushe, kiyashi sun yanyame shi. 'Yan biyun sun rame kamar tsinke, ko kuka ba su iyawa, sai buɗe baki. Na buɗe kwando, Gimbiya ta yi tsalle ɗaya ta faɗa kansu tana lasa, suka lalubi nono suka kama.

Na ce, "Inna, ina na ukun?"

"Ƙaramin bai kai sahe ba. Na yas da shi juji. Allah ya bar maka biyu, ka gode."

Na ce Inna amana na ba ki. Ta gyara zama ta ce, "Malam, wa ka hana aron mussa? Turmina na gidanka tun bara, tsaninka na gidan liman. Ɗan'uwana shi zo da kuka, in ce mai a'a, ga mussa zaune?" Gaskiya ne turminta na gidana, ina ganinsa daga inda nake tsaye. Amma turmi ba ya shayarwa, kuma ban taɓa jin wanda ya ari tsani ya sare masa ƙafa ba. Na so in faɗa mata haka, furfurarta ta hana ni. Na karɓi makullina na ce na gode, kuma ban taɓa yin godiyar da ta yi mini ɗaci kamar wannan ba. Tana fita ta waiwayo ta ce in an yaye su akwai wata jikarta da ke son ɗaya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, a wurinmu kyanwa kayan aiki ce, tana layi ɗaya da turmi da tsani da garwashin wuta, duk mai buƙata ya zo ya ɗauka, wanda ya hana shi ne marowaci. Inna ba muguwa ba ce, ƙanenta ma haka, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don da mugunta suka yi da na san inda zan kai ƙara. Daga yau duk wanda zan bar wa dabba, kafin in gaya masa abin da za ta ci sai na fara gaya masa cewa ba a ara, ba a kyauta, ba a yanka mata komai. A kira ni marowaci, na ɗauka.

Kafin magariba Gimbiya ta yanke shawarar ɗakin ajiya ba wurin zama ba ne. Ta ɗauki ɗa ɗaya a baki ta kai ƙarƙashin gadona, ta dawo ta ɗauki na biyu ta kai. Ina zaune a bakin ƙofa sai na ga ta sake fitowa, da guntun kunnenta, ta koma wajen kwalin karo na uku. Ta shiga, ta tona zanen, ta fito ta zagaya, ta sake shiga. Yau mako ya zagayo, yara sun dawo daga Gummi, 'yan biyun sun fara tafiya, amma har yanzu kullum sai ta je ta duba kwalin nan, ni kuma na kasa jefar da shi.