Gwaggo Ta Kai wa Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa Bargo

Gwaggona tela ce, kuma kaf layinmu babu wanda ya kai ta ɗoki. In aka ce mata jibi za a yi abu, tun yau ta ɗaura ɗamara. Mijinta, Baba Direba, a kan titi ya tsufa, babu lungun da bai sani ba. Sai ciwon mantuwa ya kama shi, har ya zamana yana tsayawa a tsakar gida yana laluben ƙofar ɗakinsa. Abin da ya fi ci wa Gwaggo rai shi ne ya daina gane ta. "Baiwar Allah" kawai yake ce mata.

Da wata likita mai bincike ta nemi izinin yankar 'yar fata daga damtsensa, 'yan'uwansa suka yi tsalle suka dire. Gwaggo ta ce mijinta ne, a yanka. Likitar ta yi mata bayani cewa za a mayar da ƙwayoyin fatar su koma irin waɗanda ke iya zama kowane sashe na jiki, sannan a raine su cikin ɗumi, ana ciyar da su, har su zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

To Gwaggo ba ta bar wa baƙi raino. Ranar da aka ce ta zo ta gani, ta ɗinka ɗan bargo, ta cika filas da shayi, ta tisa ni gaba. A bakin ɗakin binciken aka karɓe kayan, aka sa mata farar riga da safar hannu tana ta mita. Tana ɗora ido a kan na'urar da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma sai ta saka salati.

"Kai! Ga su nan suna miƙa wa juna hannu! Wallahi nasa ne, Likita, mutumin nan ba ya wuce kowa bai gaisa ba! Yaushe za a mayar masa da su?"

Likitar ta dafa kafaɗarta. "Mama, ba mu kai nan ba tukuna. Magunguna muke gwadawa a kansu. Wataƙila wasu ne za su amfana, ba Baba ba."

Gwaggo ta share ido da hannun riga, sannan ta ce a bar ta ta sake leƙawa.

Muna isa gida, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a gaban Baba, ta kwashe labarin kaf ta faɗa masa, tana kwaikwayon ƙwayoyin da yatsunta. Baba ya yi ta dariya har da tafa hannu.

"Baiwar Allah, duk saboda mijinki kika yi wannan wahala?"

"Saboda shi, Malam."

Ya jinjina kai. "To ki gaishe min da shi. Ki ce masa na ce ya riƙe ki da kyau."