Dariyar Da Wayata Ta Ɗauka Ranar Husufi

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a Birnin Kebbi, saurayi mai rawar kai, kuma ni kaɗai ke da waya mai kyamara a ofishinmu. Ba abin da ban ɗauka ba, daga kwale-kwale har kwanon tuwo. Ban taɓa neman izinin kowa ba, don a ganina hoto ba ya cizo.

Ranar da aka yi husufin rana ina gida Argungu, saboda yayana bai daɗe da rasuwa ba, matarsa tana cikin takaba. An hana mu ɗaga kai sama, sai Inna, mahaifiyarmu, ta sa aka cika roba da ruwa a tsakar gida don a kalli ranar a ciki, ita kuma ta shige ɗaki salla. Na durƙusa na ɗauki ranar, ta fito kamar ƙosan da aka gutsura. Da na koma aiki, duk wanda ya nema sai in tura masa ta bulutut ina fankama. Wallahi ban lura ba cewa a gefen hoton ga matar yayana, mayafi ya zame, tana dariya.

Na san dalilin dariyar. Ƙaramar 'yarta ce ta tambaya ko ita ma rana mijinta ne ya rasu, shi ya sa ta rufe fuska. Dariya ta suɓuce wa uwar, kuka ya biyo baya, amma wayata ba ta ɗauki kukan ba. Hoton ya bi waya-waya har Zauro, garin su matar yayana. Aka daina kallon rana, aka koma kallon macen da ko arba'in ba a yi ba tana washe baki. A gidan suna aka nuna wa Inna, daga ranar ta daina amsa gaisuwarta. Da ta tambaye ni abin da ya faru, tsoro ya sa na ce ni rana kawai nake kallo. Takaba na ƙarewa, baiwar Allah ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidansu.

Sai da Inna ta kwanta ciwon ajali na faɗa mata gaskiya. Ta yi kuka, ta ce in je in roƙa mana gafara mu biyu. Na je Zauro, matar yayana ta saurare ni ba ta katse ni ba. Ta ce ta yafe, amma duk ranar da zan zo ganin yaran in bar wayata a zaure.

Jama'a, kafin ku tura hoto ku duba gefensa, ku tambayi wanda ke ciki, domin in ya fita ba ya dawowa, kuma ba ya tafiya da bayani. Ni na goge nawa tuni, bai amfana mata komai ba. Yarinyar nan yanzu ta girma, kamarta ɗaya da yayana, kuma ba ni da hotonta ko guda.