Ranar Da Na Kashe Kifi Da Ruwa

A shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki da nake aiki a unguwar Sultana ta Madina, kowa ya san ni ɗan masunta ne, domin ni na gaya musu, kuma ba sau ɗaya ba. In wani ya buɗe kifin gwangwani lokacin abincin rana, sai in taɓe baki in ce a gidanmu can Yawuri ko kyanwa ba ta kallon wannan. Daga nan in shiga labarin giwan ruwan da ya taɓa jan kwalekwalenmu, wanda duk shekarar da na sabunta igama, wato takardar zama, sai ya ƙara tsawo. Madina kuwa gari ne mai rufa wa irina asiri: ba kogi, ba tafki, ba mai cewa sauka mu gani.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, masunci ne na gaske. Ni ne dai barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sau uku ya sa ni a kwalekwale, a na ukun na yi amai a kan kifin da ya sha wuya ya kamo. Daga ranar ya zaunar da ni a gindin tsamiya da zare da yagaggun raga, yayyena suna ruwa ni ina ɗinki. Na tsani aikin nan kamar mutuwata. Ranar da na gaya masa haka, cewa ya yi, "Riƙe shi dai. Ko ba ka shiga ruwa ba, zai sama maka wurin zama cikin mutane." Ban riƙe ba. Na gudu na koyi aikin wuta, aikin wuta ya kawo ni nan.

Wata rana aka tura ni gyara gidan wani dattijo a unguwar Sih. Bahaushe ne haifaffen nan, ya yi ritaya daga tuƙin motar alhazai, kakansa ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Kabi. Ina kan tsani na hango birgi, wato ragar nan mai dalma a baki da ake wurgawa, rataye a bango. Da na yi shiru da na zauna lafiya, amma baki shi ke yanka wuya. Kafin in sauko, giwan ruwana ya riga ya shiga falon.

Dattijon ya kama hannuna da hannu biyu. "Ya waladi, ɗana, kakana ma masunci ne! Shekara arba'in ina zuwa bahar, teku ke nan, amma wurin Larabawa na koya. Ban taɓa ganin yadda mutanenmu ke yi ba."

Tun daga nan na zama ɗan gida. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci akwai gurbina a kan ledar cin abincinsa, gefen damansa, ya riƙa turo mini tsokar nama yana cewa baƙinsa, "Wannan ɗan gidanmu ne." Shekara tara na yi a ƙasar nan ina cin abinci a tsugune bayan shago, ba ƙofar da ta taɓa buɗe mini haka. Ina son gurbin nan har cikin raina, kuma na san a kan ƙarya na same shi. Saboda haka ranar da ya ce, "Asabar za mu bahar, kai ne malami," sai na ce to, ban san yadda zan fita ba.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. A Badar ya sayi gurasa da dabino, muka gangara zuwa inda wani kwari ke buɗe baki ya haɗu da teku. Ruwan ya shigo cikin ƙasa ya yi faɗi, ga wasu gajerun itatuwa tsaye a cikinsa. Baba, haka nake kiransa, ya kashe mota ya ce in zaɓa mana wuri.

Na saɓa hannu a baya, na yi tafiyar masana. Can hagu akwai wata 'yar mashiga mai duhun ruwa, tsuntsaye na ta faɗawa a kanta, ga duwatsu masu kaifi. Nan dama kuwa ruwa ne kwance luf, garai-garai, da inuwa. Na tuna a gida kifi na son gindin itace, na kuma lura ruwan wurin bai wuce gwiwa ba, wanda shi ne babban dalilina. Na nuna dama.

Baba ya dubi tsuntsayen, ya dube ni. "Ɗayyib, shi ke nan," in ji shi. "Kai ne malami."

Kafin a jefa ƙugiya sai an kamo ƙananan kifi masu rai da za a maƙala mata, domin manyan kifin wurin ba su kula matacce. Ya miƙo mini birgi. Na ga mahaifina ya wurga shi sau dubu, yana buɗewa kamar faifai. Nawa ya tafi a dunƙule kamar wankin da aka jefa a kwando, ya sauka a kan dutse ɗaya tilo da ke wurin. Na fizga, na ji ƙyat. Na ce ai birgin nan ba irin namu ba ne, dalmarsa ta yi nauyi.

Baba ya ɗauko wani birgin a mota, ya shiga ruwa a hankali, ya tsaya kamar zalɓe har sai da na gaji da kallonsa, sannan ya wurga. Jifa biyu ya cika bokiti da 'yan kifi masu walƙiya, kowane bai fi yatsa ba. Ya ajiye bokitin a inuwa ya ce, "Ka riƙa canza musu moya, in ya ɗumama mutuwa suke. Bari in duba wancan gefen." Moya dai ruwa ne a bakin mutanen nan. Ya ɗauki 'yan kaɗan a gwangwani ya nufi wurin tsuntsayen.

Na zauna gadin bokiti, ina jin daɗin an ba ni aikin da ba ya buƙatar jiƙa wando. Can na ɗaga kai, sai na ga ruwan da na zaɓa yana tafiya. Wallahi tafiya yake. A Yawuri kogi na janyewa, amma sai ya yi wata da watanni yana sallama. Wannan kuwa kafin hantsi ya kwashe kayansa ya koma can nesa, ya bar mini fili na laka da ƙaguwa suna ta kai da kawo a inda na ce manyan kifi suke.

Ruwan bokitin ya ɗumama, 'yan kifin sun fara ɗago baki. Na taka lakar nan, ta haɗiye takalmina ɗaya. Na dawo. Sai idona ya faɗa kan jarkar ruwan shanmu, mai sanyi, mai tsabta. Na ce wa kaina, kifi dai ruwa yake so, wannan kuwa ya fi na tekun kyau nesa ba kusa ba. Na tsiyaye na bokitin, na cika musu da shi har baki, har ina jin na yi sadaka.

Da Baba ya dawo ɗaukar wasu, duk sun juya farin cikinsu sama. Ya tsoma yatsa a bokitin ya ɗanɗana, ya ji ba gishiri. Ya dubi jarka. Ni kuwa na ga gurbina na Juma'a yana janyewa kamar ruwan nan.

"Baba," na ce, "ban taɓa kama kifi ba. Ko ɗaya. Mahaifina ne masunci, ni amai nake yi a jirgi."

"Na sani tun a falo," in ji shi. "Masunci ba ya ba da labarin kifi a kan tsani. Amma kashe kifi da moya, wannan ban taɓa gani ba, wallah." Ya ɗauki birginsa ya koma neman wasu, ko murmushi bai yi ba.

Kunya ta hana ni zama haka kawai. Na jawo birgin da na yaga, na samo zare a akwatin kayansa, na fere wani ɗan tsinke. Na miƙe ƙafa, na maƙale ragar a babban yatsana na ja ta ta miƙe, na fara ɗaura ido bayan ido. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya tuna. Ban san ya dawo ba sai da inuwarsa ta rufe ni.

"Sake yi," ya ce. Muryarsa ta canza. Na sake. Ya durƙusa da ƙyar, yana kallon yatsan ƙafata. "Haka kakana ke yi. A ƙofar gida, da ƙafa, haka. Ina yaro ina kallo, ban koya ba. Ni in raga ta yage sai dai in jefar." Ya goge ido da gefen rawaninsa. Ni ma na sunkuyar da kai, domin ban samu zuwa jana'izar mahaifina ba, kuma ban taɓa jin kewarsa kamar ranar ba.

Kifi biyu muka koma da su, duk shi ya kama, a wurin tsuntsayen.

Juma'ar da ta biyo na je a ɗarare. Gurbina na nan. Sai dai yanzu in ya gabatar da ni cewa yake, "Wannan ne ya kashe kifi da moya," baƙi su yi ta dariya har da tari. Bayan an ci abinci kuma akwai buhu yana jirana, cike da yagaggun ragar abokansa. Na tsallaka teku don in tsere wa aikin nan, ga ni a Sih da raga a yatsan ƙafa, dattawa sun kewaye ni suna matsa mini in zauna a tsakiya.